Littafin Addu'ar Kaka

Mu uku muka tashi a hannun kakarmu, a wata unguwa da ke bayan garin Zariya. Hausawa ne mu gaba da baya, kuma Kiristoci. Mun san akwai wanda zai koma ya sake karanta wannan layin, to ba komai 'yan uwa, mun saba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na wani malamin allo, ita ma ba ta kai wuyan babban mutum ba. Karatun almajiransa ne agogonmu na asuba, su kuma sun haddace rabin waƙoƙin da muke yi da dare ba tare da sun yi niyya ba.

Kaka tana da wani littafi, irin na rubutun 'yan firamare mai jan layi a gefe. A ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatu, tana bin Littafi Mai Tsarki da yatsa a hankali, amma alƙalami bai taɓa zama a hannunta ba. Saboda haka mu ne magatakardanta. Duk wanda take so ta yi wa addu'a sai ta ce a rubuta shi: mai jinya, mai tsohon ciki, mai jarrabawa, wadda ɗanta ya shiga duniya. Bayan tuwon dare ɗayanmu zai karanto, ita kuma ta riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. In buƙata ta biya, sai a sa ɗan gicciye a gefen sunan. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne wanda take kira addu'ar sari. In fasto ya ce a yi wa dukan masu shan tsanani a duniya addu'a, za ta ce amin, amma in mun dawo gida sai ta yi ta mita: "Shi Allah ya san su. Ni ce ban san su ba. Yaya zan kai mutum gaban Sarki alhali ko sunan garinsu ban sani ba?"

A shekarar 2014 littafin ya cika da wuri. Tun watan Afrilu 'yan matan Chibok suka karɓe shafukansu. Sai ga Yuli, azumin Ramadan ya doshi kwana ashirin, babbanmu ya shigo da wani hoto a wayarsa. Bangon wani gida ne aka zana wa wani abu da jan fenti, kamar ƙoƙo da ɗigo ɗaya a bisansa, aka kewaye shi da da'ira. Mutane sun cika Facebook da shi. Kaka ta duba ta ce wannan rubutun mutanen Malam ne, a jira ya sha ruwa a je a tambaye shi.

Muka same shi a zaure yana shan kunu. Muka ce, "Allah gafarta Malam, Kaka ce ta ce a nuna maka wannan." Ya riƙe wayar nesa da idonsa. "Nun ke nan," ya ce, "nun ara. A ina kuka samo shi?"

Muka gaya masa abin da muka karanta. A Mosul ne, birni na biyu a ƙasar Iraƙi, wanda ƙungiyar ISIS ta kama ranar 10 ga Yuni. Mayaƙanta suna bin gidajen Kiristoci suna shafa musu wannan harafin, farkon kalmar Nasara, alamar cewa gidan ya zama nasu. Gidajen 'yan Shi'a kuma harafin ra ake zana musu. An ba Kiristocin wa'adi zuwa tsakar ranar Asabar, 19 ga wata: su musulunta, ko su biya jiziya, ko su bar gari, in ba haka ba takobi. Malam ya ajiye kofin kunun. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce da wannan harafin aka buɗe Suratul Ƙalami, kuma Annabi Yunusa ana ce masa Zun-Nun saboda kifin da ya haɗiye shi. "Duk haruffan duniya," ya ce, "sun rasa wanda za su kori mutane da shi sai wannan."

Ba a yi mako ba, ranar 24 ga Yuli, suka sa nakiya suka tarwatsa masallacin Annabi Yunusa da ke cikin Mosul ɗin. Malam ya ji a rediyo, ya leƙo ta saman katanga: "Iya, kin ji? Wanda bai bar makwancin annabi ba, wa zai bari?" Daga baya, a watan Satumba, malaman Musulunci sama da 120 daga ƙasashe daban-daban suka rubuta wa shugaban ƙungiyar buɗaɗɗiyar wasiƙa suna warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, har da Sarkin Musulmi cikin masu sa hannu. Mu dai kafin wasiƙar mun riga mun ji hukuncin daga bayan katanga.

Kalmar ita kanta ba baƙuwarmu ba ce. Nasara: da ita kakanni suka kira Bature, da ita aka kira Kirista, da ita yara suka taɓa tsokanarmu a hanyar rijiya. A rubutun boko kuma babu abin da ya raba ta da nasarar da ake taya mutum murna a kanta, sai an furta ake jin bambanci. Mun daɗe muna wasa da wannan muna yara. Ranar ba wanda ya yi dariya.

Abin da ya fi ba Kaka mamaki ba kisan ba ne, don ta ga kisa a rayuwarta. Mamakinta shi ne wai akwai Kiristoci a can tun asali. Ita a saninta Bature ne ya kawo wa kowa bishara a jirgin ruwa. Muka karanta mata cewa waɗannan mutanen suna nan tun ƙarnonin farko na Kiristanci, tun kafin Ingila ta ji sunan Yesu. Cewa kufan Nineba, garin da aka aiki Yunusa, yana ƙetaren kogin Dijla ne daura da tsohon garin Mosul. Cewa har yau a ƙauyukansu suna magana da wani reshe na harshen Aramiya, harshen da Yesu ya yi magana da shi, kuma duk shekara suna azumin kwana uku don tunawa da tuban mutanen Nineba. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe yayyenmu ne. To a buɗe musu shafi." Muka rubuta a sama da manyan baƙaƙe: Waɗanda suka tsaya da bangaskiyarsu. A ƙarƙashi: mutanen Mosul.

Nan gardama ta tashi, domin ba mu yarda a kan abin da za a roƙa ba. Babbanmu, wanda jininsa ke tafasa a lokacin, ya ce a roƙi Allah ya saukar wa azzaluman da wuta, ya kuma kawo misalai daga Tsohon Alkawari. Na tsakiya, mai son labarin shahidai, ya ce a roƙa kada su gudu, su tsaya a gidajensu ko da za a kashe su, don in suka tafi an shafe tarihin shekara kusan dubu biyu. Autarmu ta ce in ita ce, ko takalmi ba za ta tsaya ɗauka ba, a roƙa musu hanya kawai. Kowa yana ganin shi ne mai gaskiya, daga kan tabarma, ciki cike da tuwo.

Kaka ta bar mu muka gaji, sannan ta rufe ido. "Ubangiji, ga mutanen Mosul. Ka ba su ruwa a hanya. Ka tuna da tsofaffi masu ciwon gwiwa. Mai ciki kada ta haihu a bakin titi. Wanda ya baro maganinsa a gida, ka haɗa shi da mai irinsa." Shi ke nan. Ba ta ce uffan a kan bangaskiyarsu ba, ba ta ambaci maƙiyansu ba. Gaskiya mun raina addu'ar. Da muka yi ƙorafi sai ta ce, "Mutumin da ya bar gidansa da shagonsa don kada ya faɗi kalma ɗaya, ni ce zan roƙa masa bangaskiya? Ya fi ni. Ƙishirwa ce ba na so ta kayar da shi."

Sai daga baya muka ga cewa ta fi mu sanin abin da gudu yake nufi. A shingayen fita daga Mosul an ƙwace wa mutane kuɗi da zinare da motoci da takardu, wasu da ƙafa suka ƙarasa. Zafin Iraƙi a wannan lokacin yakan kai digiri 45. Da yawansu Ƙaraƙosh suka nufa, garin Kiristoci mafi girma a ƙasar, mai mutum kusan 50,000, kimanin kilomita 30 daga Mosul. Sun ɗauka sun tsira. A daren 6 ga Agusta sojojin Kurdawa da ke tsaron yankin suka janye, kafin gari ya waye Ƙaraƙosh da ƙauyukan da ke kewaye sun zama kufai. Mutum sama da 100,000 suka kwarara zuwa Arbil da sauran garuruwan Kurdawa a dare ɗaya. Kwana uku kafin nan an auka wa Yazidawa a Sinjar, su kam ko zaɓin jiziya ba a ba su ba.

A wannan ranar ce kuma, 6 ga Agusta, Boko Haram ta kama Gwoza. Ba mu lura da haɗuwar ba sai bayan shekaru, muna duba littafin muka ga sunayen garuruwan biyu a jere, da biro ɗaya, da hannu ɗaya.

Gwoza ba ta tsaya a cikin littafi ba, har ɗakinmu ta shigo. A watan Nuwamba majami'armu ta rarraba 'yan gudun hijira gida-gida, aka kawo mana wata mata da 'ya'yanta biyu. Gudu biyu ta yi: daga Gwoza zuwa Mubi, da Mubi ta faɗi ranar 29 ga Oktoba kuma ta sake ɗaukar yara zuwa Yola, daga can aka turo ta. Mijinta tun ranar farko ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Maman Gwoza muke kiranta. Mace mai aiki kamar inji, ba ta bari Kaka ta taɓa tsintsiya, amma in an zo addu'ar dare sai ta zauna a bakin ƙofa, ba ciki ba waje. Mun ɗauka kunya ce. Wani dare mai karatu ya kai shafin nan ya karanta kansa da ƙarfi, waɗanda suka tsaya da bangaskiyarsu, sai ta miƙe ta shige ɗaki.

Labule ne kawai tsakanin inda muke kwana da ɗakin Kaka, don haka mun ji komai, ko da yake ba da mu ake ba. Ta ce maƙwabciyarta Musulma ce ta ɓoye su kwana tara a bayan buhunan dawa. Da za su fita ta ba ta hijabi, ta koya mata kalmar shahada, ta sa ta maimaita har ta zauna a bakinta. A hanya aka tare su. Wani yaro da bai kai ƙaninta ba ya ɗora bakin bindiga a kan ɗanta ya ce ta faɗa. Ta faɗa. Sau biyu ma, don na farko muryarta ba ta fita ba. "Mama," ta ce wa Kaka, "ni ba na cikin waɗanda kuke yi wa addu'a. Mutanen can da kuke karantawa sun bar komai don kada su faɗa. Ni na faɗa."

Mun kasa kunne mu ji abin da Kaka za ta ce. Ba ta ce komai ba. Sai ƙarar mafici muka ji, tana yi wa yaran fifita har muka yi barci.

Da safe ta jingina da katanga kamar mai duba shanya. "Malam, ina da tambaya, amma ba a kan kowa ba. In aka ɗora wa mutum bindiga aka ce ya faɗi kalma, ya faɗa, kalmar ta zama tasa?" Malam ba yaro ba ne, ya san wadda ke gidanmu. Ya ce a Makka an yi wani sahabi, Ammar ɗan Yasir, wanda aka azabtar da iyayensa har suka rasu, mahaifiyarsa Sumayya ita ce shahidiya ta farko a Musulunci. Shi kuma da azaba ta kai masa iya wuya sai ya faɗi abin da masu azabtar da shi suke so. Ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kuka, aka tambaye shi yadda zuciyarsa take, ba a tambaye shi abin da harshensa ya faɗa ba. "Iya," ya ce, "abin da aka karɓa a bakin bindiga, mu ba ma ƙirga shi. Ban san ku ba." Kaka ta ce, "Mu ma muna da Bitrus. Shi ko bindiga ba a nuna masa ba, baiwa ce ta tambaye shi a bakin wuta, ya yi musu har sau uku. Kuma shi aka bar wa tumakin."

Da dare ta ce a buɗe shafin. Mun zaci za ta sa a canza kan maganar. A'a. Cewa ta yi a rubuta sunan Maman Gwoza a nan, ƙarƙashin mutanen Mosul da na Ƙaraƙosh. Na tsakiyarmu, mai son shahidai, ya ce, "Amma Kaka, ai ita…" Ta katse shi: "Kai aka tare a hanyar? Ɗanka aka ɗora wa bindiga? Rubuta." Ya rubuta. Daga bakin ƙofa muka ji murya ƙasa-ƙasa tana cewa in da hali a sa sunan maƙwabciyar tata ma, don ita tana can ba ta fito ba. Aka sa. Ba shi ne karo na farko da Musulmi ya shiga littafin ba, matar Malam ta riga kowa tun wata haihuwa da ta zo mata da gardama, amma shi ne karo na farko a wannan shafin.

Mun sha komawa kan wannan daren a tsakaninmu. Mu masu son rubutu muna da wata cuta: in mun ji an ce wani ya riƙe imaninsa a cikin tsanani, nan da nan sai mu ɗinka masa farar riga, mu sa masa magana mai daɗi a baki, mu tsayar da shi gaban takobi yana murmushi. Irin wannan labarin yana da daɗin karantawa, kuma akwai waɗanda da gaske haka suka mutu. A Mosul ɗin ma an harbe wani matashin limamin coci, Ragid Ganni, da mataimakansa uku a watan Yunin 2007 bayan sujadar Lahadi, an kuma sace babban limamin birnin, Faraj Rahho, a 2008 aka tsinci gawarsa. Amma yawancin waɗanda suka riƙe bangaskiyarsu ba haka abin ya zo musu ba. Ya zo musu ne a matsayin shekara biyu da wani abu a Ankawa, unguwar Kiristoci ta Arbil: farko a tantuna cikin harabar majami'u, wasu a kangon wani katafaren ginin kasuwa da ba a gama ba, daga baya a cikin kwantena, iyali guda a ɗaki guda, ana layin banɗaki. Malamin makaranta ya koma bin layin shinkafa. Mai gonar alkama ya koma zaman jiran waya daga ɗan'uwa a Turai. A nan aka yi wa jarirai baftisma, a nan aka ɗaura aure, a nan tsofaffi suka mutu da makullin gida a aljihu. Akwai kuma tsirarun da ba su iya gudu ba, yawanci tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda aka tilasta wa wasunsu furta abin da Maman Gwoza ta furta. Da a hannunmu aka bar alƙalami a 2014, da mun tsallake su, don ba su dace da labarin da muke so ba.

Akwai mutum ɗaya da ya kamata duk mai riƙe alƙalami ya san labarinsa. Najib Mika'il, limamin coci ɗan Mosul, tun 1990 yake bin majami'u da gidajen ibada yana tattara tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu yana ɗaukar hotonsu shafi-shafi. Da barazana ta yi yawa a 2007 ya kwashe su zuwa Ƙaraƙosh. Da ya ga take-taken abin da ke tafe a 2014, ya fara tura wasu Arbil, ragowar kuma a daren gudun ya cusa su a mota ya bi ayarin mutane. Da aka kai inda dole a sauka a taka, sai ya riƙa miƙa wa masu gudu, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Ku duba wannan: mutum ya baro gidansa da abin da ke jikinsa kawai, an miƙo masa littafin da ya shekara ɗaruruwa, ya karɓa ya rungume. Kuma ba na Kiristoci kaɗai ba ne, har da rubuce-rubucen Musulmi da na Yazidawa a ciki. A farkon 2019 aka naɗa shi babban limamin Kaldiyawa na Mosul. Da muka karanta wa Kaka wannan, tambayarta ɗaya ce: "Shi yana da wanda ke dafa masa abinci?" Aka sa shi a shafin shi ma.

Maman Gwoza ta yi wata bakwai a gidanmu. Sojoji sun ƙwato Gwoza a ƙarshen Maris na 2015, amma ba ta koma ba, ta ce ba ta da abin da za ta tarar sai tambayoyi. Ta bi wasu 'yan garinsu zuwa wajen Jos, tana tuyar ƙosai. Kafin ta tafi ta dawo cikin ɗaki lokacin addu'a, ba mu san daren da ta matso ba, kawai wata rana muka ga tana kan tabarma.

A watan Oktoban 2016 aka kori ISIS daga Ƙaraƙosh. Muka zo da murna da biro za mu sa gicciye. Kaka ta ce a dakata: "Kora aka yi, ko komawa?" Hotunan da suka fito sun ba ta gaskiya. Babbar majami'ar garin, Al-Tahira, an ƙone cikinta ƙurmus, harabarta kuma an mayar da ita wurin koyon harbi. Gidaje dubbai an ƙone ko an wawashe. Mosul sai a Yulin 2017 aka gama ƙwato ta, bayan 'yan ƙungiyar sun rusa masallacin Al-Nuri da hasumiyarsa mai karkata da hannunsu. A cikin wannan ɓaraguzan aka ga samarin Musulmi na birnin suna share majami'u suna kwashe shara. Babbanmu ya kalli hoton ya ce siyasa ce. Kaka ta ce ko siyasa ce, tsintsiya dai ta yi shara.

Mu ba 'yan Katolika ba ne, amma ranar 7 ga Maris, 2021, mun taru a kan waya ɗaya muna kallon Paparoma Francis, wanda shi ne paparoma na farko da ya taɓa taka ƙasar Iraƙi. Kwana ɗaya kafin nan ya ziyarci Ayatullahi Sistani a Najaf. A ranar ya yi addu'a a tsakiyar rusassun majami'un Mosul, sannan ya wuce Ƙaraƙosh, cikin Al-Tahira da aka gyara, ya mayar musu da wani tsohon littafin addu'arsu da aka tsirar aka kai Italiya aka gyara. Wata mata ta tashi ta ba da labarin ƙaramin ɗanta da harsashin igwa ya kashe a safiyar 6 ga Agustan nan, tare da wani yaro ɗan'uwansa da wata budurwa maƙwabciyarsu da ke shirin aure. Mutuwarsu ce ta sa gari ya gane lokacin tafiya ya yi. Ta ce tana ƙoƙarin yafewa. Babbanmu ya tashi ya fita. Har yau yana cewa shi bai kai nan ba, kuma ba ya so a yi masa ƙarya cewa abu ne mai sauƙi. Ba mu ga laifinsa ba. Kaka ma ba ta kira shi ya dawo ba.

To addu'ar wa aka amsa a cikinmu? Wutar da babbanmu ya roƙa ta sauka, amma ta ci gidajen talakawan Mosul tare da na azzaluman, dubban mutanen da ba su ji ba ba su gani ba suka mutu a yaƙin ƙwato birnin. Tsayawar da na tsakiya ya roƙa ta samu rabi: kusan rabin mutanen Ƙaraƙosh ne suka koma. Hanyar da autarmu ta roƙa ita ma ta buɗe, har ta yi yawa, domin sauran suna Ostareliya da Amurka da Turai, 'ya'yansu suna tashi da wani harshe. Kafin yaƙin 2003 ana ƙiyasta Kiristocin Iraƙi kusan miliyan 1.5, yau ba su kai 300,000 ba. In ka roƙa wa mutum tsira, wataƙila kana roƙon garinsu ya mutu. In ka roƙa wa garin rayuwa, da ran ɗan wani kake caca. Wannan kullin ba mu kwance shi ba, kuma mun daina jin haushin addu'ar ruwa da maganin gwiwa.

Shafin dai ya ci gaba da zama ba gicciye. Ranar 26 ga Satumba, 2023, gobara ta tashi a wani ɗakin biki a Ƙaraƙosh ana tsakiyar rawar ango da amarya, wasan wuta ya kama rufin, mutum sama da 100 suka mutu. Mutanen da suka tsira daga ISIS, suka jure kwantena, suka dawo suka sake gini. Lokacin Kaka tana kwance, idonta ya tafi. Mun yi shawarar kada a gaya mata, amma autarmu ba ta iya ɓoye abu. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaya ko amaryar ta rayu. Aka ce ta rayu, ita da angon, amma sun rasa 'yan uwa da yawa. Ta ce, "To ita za a rubuta. Mutane za su riƙa kallonta." Ba mu san sunanta a lokacin ba, sai muka rubuta: amaryar Ƙaraƙosh. Shi ne abu na ƙarshe da ta sa aka rubuta.

Ta rasu da hunturun da ya biyo baya. Maman Gwoza ta zo daga Jos da ɗanta, wanda yanzu ya fi mu tsawo, ita ta karɓi girkin baƙi ba wanda ya sa ta. Malam, da sandarsa, ya zauna a ƙofar gida kwana uku yana karɓar gaisuwa tare da mu kamar ɗan gida. A rana ta uku da mutane suka ragu ya ce, "Littafin nan na Iya, yana nan?" Muka ce yana wurin auta. Ya ce, "Ina ciki?" Muka ce yana ciki tun ciwon ƙafarsa. Ya ce to kada a goge.

Ya yunƙura zai tashi, sai ya sake zama. "Mutanen nan na garin Annabi Yunusa, da kuka zo kuka nuna mini harafinsu. Sun koma gida kuwa?"

Muka ce, "Wajen rabi sun koma, Malam."

Ya jinjina kai, ya laluɓo takalminsa da sanda. "Saura rabi ke nan," ya ce.